Kun taɓa zuwa taron jin ra'ayin jama'a? Ina maganarku ta ƙare?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya taɓa ganin yadda hukuma ke neman ra'ayin talakawa, a ƙasar dimokuraɗiyya ko ta mulkin kama-karya, ya ba mu labari. Bayan an watse, me aka yi da abin da kuka faɗa?

Wani dattijo: Wa'alaikumus salam. Na zauna a Libiya zamanin Gaddafi. Tun 1977 aka ce mulki ya koma hannun majalisun jama'a. Maƙwabtana suna zuwa, su koka kan gidaje da asibiti, har jijiyar wuya ta tashi. Amma 'yan kwamitin juyin juya hali na zaune suna kallon bakin kowa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi kuɗin mai ko na soja ba.

Ɗalibi a Sin: Baba, nan ma kusan haka ne, sai dai ƙananan koke suna biyan buƙata. Akwai lambar wayar kai koke ga hukuma, 12345. Na kira kan fitilar titinmu da ta mutu, aka gyara, har aka bugo ana tambaya ko na gamsu. Wanda zai hau kujera kuwa, ba ruwan kowa da shi.

Wata ma'aikaciyar jinya a Faransa: Ni abin ya fi min ciwo, domin na sa rai. A 2019, bayan zanga-zangar masu rigar ɗorawa, an ajiye littattafan koke a ofisoshin magadan gari. Na ga wata tsohuwa tana rubuta nata a hankali, hannunta na rawa. Daga baya aka zaɓo mutum 150 ta hanyar canki-canka don su tattauna kan sauyin yanayi, suka kawo shawarwari 149. Dokar da ta fito a 2021 ta rage wa da yawansu ƙarfi. Bambanci ɗaya da na Baba: mutanen sun fito fili sun soki gwamnati, kuma kowa ya kwana a gidansa.

Mazaunin Ayalan: Hajiya, wani lokacin magana tana kaiwa. Majalisar 'yan ƙasa ta 2016 mutum 99 ce da shugaba, kuma shawararta ta kai ga ƙuri'ar raba gardama kan dokar zubar da ciki a 2018. Ra'ayina bai yi rinjaye ba, amma na ga hanyar da maganar ta bi daga farko har ƙarshe.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka halarci zaman kasafin kuɗi, naku muke jira: an ba ku takardun kafin zaman, ko sai a bakin ƙofa?