Wales a 1999: majalisa aka samu ko sunanta kawai?

Ɗalibar Siyasa:

Assalamu alaikum. Duk inda ake maganar Wales ta zamani sai an ambaci 1999, wai shekarar da ta samu majalisarta. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Majalisar nan daidai take da majalisar dokokin jiha irin tamu, ko ƙasa da haka take? Sannan an ce Wales gidan jam'iyyar Labour ce tun kaka da kakanni, to yaya aka yi ta kasa samun rinjaye a zaɓen farko? Wanda ya san abin da ya faru a wasanni da al'adu a shekarar ma ya taimaka mana.

Malam Mai Alƙalami:

Wa alaikumus salam, Malama. A 1999 ƙasa da majalisar jiha take, nesa ba kusa ba. Majalisar jiha tana yin doka da kanta. Wadda aka buɗe a Cardiff kuwa ba ta da wannan ikon. Dokar da ta kafa ta a 1998 ta ɗauki aikin da minista guda yake yi a da, wato Sakataren Harkokin Wales da ke zaune a gwamnatin Landan, ta damƙa wa mutum 60. Su ne za su raba kuɗin lafiya da ilimi da noma da ƙananan hukumomi, su kuma tsara ƙananan ƙa'idoji a ƙarƙashin dokokin da majalisar Landan ta riga ta yi. Sabuwar doka kuwa sai sun roƙi Landan ta sama musu gurbi a jadawalinta. Haraji ba nasu ba ne. 'Yan sanda da kotuna ma ba nasu ba ne, har yau ɗin nan. Scotland a wannan shekarar ta samu majalisa mai yin doka, har da izinin ɗaga harajin albashi ko rage shi da kwabo uku a kowace fam.

Dalilin wannan rowa yana cikin ƙuri'ar raba gardama. A 1979 mutanen Wales sun yi fatali da batun, kusan mutum huɗu cikin biyar suka ce ba sa so. Da aka sake tambayarsu ranar 18 ga Satumba 1997, rabin masu rajista kawai suka fito, kuma masu cewa e suka tsira da kashi 50.3 cikin ɗari, ratar ƙuri'a 6,721. Masu cewa a'a ne a gaba har zuwa sakamakon ƙarshe, na Carmarthenshire, wanda ya juya lissafin.

Akwai kuma kuskure a tsarin ginin kansa. A doka, majalisa da gwamnati abu ɗaya ne, ba a raba su ba. Sakatarorin gwamnati suna zama a cikin kwamitocin da ya kamata su bincike su, an ba kura ajiyar nama ke nan. Sai dokar 2006 ta raba su, cikakken ikon yin doka kuma sai bayan wata ƙuri'ar raba gardama a 2011.

Ranakun da za ki riƙe: zaɓe 6 ga Mayu, Sarauniya Elizabeth ta buɗe majalisar 26 ga Mayu, kwana uku kafin a miƙa mulki ga farar hula a Abuja, iko kuma ya koma hannunta 1 ga Yuli. Ginin Senedd, wato zauren majalisar, mai gilashin nan da ake gani a hotuna babu shi a lokacin, sai 2006. A wani ginin ofis suka fara zama a bakin ruwan Cardiff.

Mai Lissafi:

Malam ya gama da tambaya ta farko, bari in ɗauki ta biyu, don rabin amsar lissafi ne tsagwaronsa.

A tsarin 1999, kowane mai zaɓe takarda biyu aka ba shi. Ta farko ta ɗan takarar mazaɓa ce, mazaɓu 40, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke kujera. Ta biyu ta jam'iyya ce. An raba ƙasar shiyya biyar, kowace shiyya kujera huɗu, 20 ke nan. Waɗannan ashirin ɗin ba a raba su yadda mutum zai zata. Ana ɗaukar ƙuri'un jam'iyya a shiyyar, a raba su da adadin kujerun da ta riga ta ci a shiyyar, a ƙara ɗaya. Wadda ta fi yawa ta ɗauki kujera, a sake lissafi, har sau huɗu, tsarin da ake kira d'Hondt ke nan.

Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don a gane. A ɗauka shiyya ce mai mazaɓa takwas. Jam'iyya A ta ci bakwai, tana da ƙuri'a 100,000 a takarda ta biyu: a raba da 8, saura 12,500. B ta ci ɗaya, tana da 66,000: a raba da 2, saura 33,000. C da D ba su ci ko ɗaya ba, suna da 42,000 da 24,000, waɗannan suna nan yadda suke. Kujera ta farko ta C ce, sai nata ya koma 21,000. Ta biyu ta B, nata ya koma 22,000. Ta uku ta D. Ta huɗu B ta sake ɗauka. A da ta fi kowa ƙuri'a ta tashi a tutar babu.

Abin da ya sami Labour ke nan. Ta ci mazaɓa 27, amma daga jerin shiyyoyi kujera ɗaya tak ta samu, jimilla 28, alhali rinjaye 31 ne. Plaid Cymru, jam'iyyar 'yan kishin Wales, ta samu 17, Conservative 9, Liberal Democrat 6. Ki duba Conservative da kyau: mazaɓa ɗaya ta ci, sauran takwas duk jerin shiyya ne ya ba ta. Ita kuma kujera ɗayan da Labour ta samu ta jeri, ta shugabanta ce, Alun Michael, a shiyyar tsakiya da yamma.

Sauran rabin amsar rikicin cikin gida ne. Ron Davies, Sakataren Harkokin Wales kuma jagoran Labour a can, wanda ya tsara majalisar, ya yi murabus a Oktoban 1998. Tony Blair yana son Alun Michael, 'yan jam'iyya kuma suna son Rhodri Morgan. A zaɓen fidda gwani na Fabrairun 1999 Morgan ya kwashe kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'un 'yan jam'iyya, amma ƙuri'un kashi uku aka yi su, wasu ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka zuba nasu gaba ɗaya ga Michael ba tare da sun tambayi mambobinsu ba. Jama'a suka ce ɗauki ɗora ne daga Landan. Ranar zaɓe kashi 46 cikin ɗari kawai suka fito, Plaid Cymru ta ƙwace Rhondda da Islwyn da Llanelli. Islwyn fa mazaɓar da Neil Kinnock, tsohon shugaban Labour, ya wakilta ce a Landan.

Michael ya zaɓi ya yi mulki ba haɗaka, mutum 28 a gaban 32. A Oktoba majalisa ta tsawatar wa sakatariyar noma, Christine Gwyther, wadda manoma suka daɗe suna gunaguni a kanta saboda ba ta cin nama, a ƙasar da tumaki suka fi mutane yawa. Ya ƙi sauke ta. Abin da ya kayar da shi kuɗin Tarayyar Turai ne. Yammacin Wales da kwarurukan kwal sun cancanci tallafi mafi girma saboda arzikin kowane mutum a can bai kai kashi 75 cikin ɗari na matsakaicin Turai ba, amma sharaɗin shi ne sai an kawo wani kuɗi daga gida an haɗa. Michael ya kasa kawo tabbacin cewa baitulmalin Landan zai ƙara. Ranar 9 ga Fabrairu 2000, ana dab da kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, ya miƙa takardar murabus a cikin zauren. Morgan ya hau.

Ɗan Zari-Ruga:

Malamai, duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ku tare ɗan Wales ku ce masa 1999, ba d'Hondt ko Alun Michael zai tuna ba. Wembley zai tuna.

Ranar 11 ga Afrilu ne, wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta ƙasashe biyar. Wasan gida ne na Wales da Ingila, amma a filin Wembley na Landan aka buga shi saboda an rushe tsohon filin Cardiff ana gina sabo. Ingila ta ci wasanninta uku, wannan kawai ya rage mata ta share gasar. Ga lissafin maki ga wanda bai saba ba: dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya 5, bugun da ke biyo baya 2, bugun tara 3. Ingila tana gaba da 31 da 25, ta samu bugun tara da za ta iya aikawa tsakanin sanduna ta kai rata tara, abin da dire ɗaya da bugunsa ba za su cike ba. Kyaftin Lawrence Dallaglio ya ce a buga gefe a nemi maki biyar. Ba su samu ba. Lokaci ya ƙure, Wales ta samu jifa daga gefe, ƙwallo ta bi ta hannun Scott Quinnell ta isa wurin Scott Gibbs, ya ratsa tsakiyar 'yan bayan Ingila yana zulliya, ya dire. 31 da 30. Neil Jenkins ya sa ƙwallo a ƙasa ya buga, 32 da 31. Shi kaɗai ya ci 22 daga cikin makin da ƙafarsa. Kofin ya faɗa hannun Scotland.

Don a gane nauyin abin, a Yunin 1998 Afirka ta Kudu ta lallasa Wales da 96 da 13 a Pretoria. Aka ɗauko Graham Henry daga New Zealand. A 1999 suka ci wasa goma a jere, har da Faransa a Paris karon farko tun 1975, da Afirka ta Kudu 29 da 19 ranar 26 ga Yuni, karon farko a tarihi. A wannan wasan aka buɗe filin Millennium, ba a ma gama shi ba, mutum wajen 29,000 aka bari suka shiga filin da aka tsara wa 72,500.

Filin ya ci fam miliyan 121, miliyan 46 daga kuɗin caca na ƙasa. Rufinsa yana buɗewa ko rufewa a cikin minti ashirin. Matsalarsa ciyawa ce: benayen 'yan kallo sun yi tsawo sun matso kusa, rana ba ta samun ƙasa. A kan faranta dubbai aka shuka ciyawar, ana shigo da su ana jerawa, tana tuttuɓewa idan ƙarti suka dafe da juna, har aka sauya ta da mai haɗin roba a 2014. A gefen arewa kuma an bar wani yanki na tsohon bene saboda ba a daidaita da ƙungiyar Cardiff da ke maƙwabtaka ba, shi ya sa zoben bai haɗe ba.

Gasar cin kofin duniya da suka karɓi baƙunci ba ta yi musu daɗi sosai ba. Samoa ta doke su 38 da 31, Ostireliya ta fitar da su 24 da 9 a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, ta kuma ci Faransa 35 da 12 a wasan ƙarshe ranar 6 ga Nuwamba.

Ƙwallon ƙafa kuwa, magoya bayan Manchester United sun san ƙwallon da Ryan Giggs, ɗan Wales, ya zura wa Arsenal a Villa Park a Afrilun shekarar. Amma tawagar ƙasar ta sha huɗu da nema a hannun Italiya a Yuni, koci Bobby Gould ya ajiye aiki, Mark Hughes ya karɓa. Colin Jackson ya ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 110 a Seville a Agusta.

Uwar Harshe:

Ɗan'uwa, ba na musun Wembley, amma wasa goma a jere ya zo ya wuce. Abin da ya zauna daga 1999 a makaranta yake. Daga wannan shekarar ne koyon harshen Welsh ya zama dole ga yaran makarantun gwamnati har zuwa shekara 16. A da tun 1990 a shekara 14 yake tsayawa. Majalisar ma da harshe biyu ta fara aiki, ɗan majalisa ya yi magana da Welsh, tafinta ya juya nan take, sauran su sa abin sauraro a kunne. Ƙidayar 1991 ta nuna kashi 18.7 cikin ɗari ke jin harshen, ta 2001 ta nuna 20.8, hawa na farko bayan kusan shekara ɗari ana gangara. Sai dai a yi hattara da adadin. Kaso mai yawa na ƙarin 'yan makaranta ne da iyaye suka rubuta cewa suna ji, kuma yaron da ya koyi harshe awa biyu ko uku a mako, idan ba a yi da shi a gida ba, yakan ajiye shi a ƙofar makaranta. Ƙidayar da ta biyo baya adadin ya sake sauka.

Malama, tunda kin tambayi al'ada, bikin Eisteddfod na ƙasa, wato bikin waƙa da adabi, a tsibirin Anglesey aka yi shi a 1999. Makon farko na Agusta ake yinsa, shekara guda a arewa, shekara guda a kudu, kuma tun 1950 ba a gasa a dandalinsa sai da Welsh. Babbar kyautar kujera ce, ta katako, ana sassaƙa sabuwa kowace shekara, ana ba wanda ya fi iya doguwar waƙa a tsarin da suke kira cynghanedd, inda baƙaƙen rabin farko na ɗango ke maimaituwa a rabi na biyu bi da bi. Masu gasa da sunan ɓoye suke aikawa. Ranar bayarwa alƙali ya karanta hukunci, a kira sunan ɓoyen, a busa ƙaho, fitila ta yi ta yawo a kan jama'a har mutum ɗaya ya miƙe daga cikin taro. A kawo shi dandali, a zare takobi rabi a saman kansa, ba a taɓa zare shi duka, shugaban taron ya tambaya sau uku ko akwai zaman lafiya, jama'a su amsa da kalma ɗaya, heddwch. Idan alƙalai suka ga babu waƙar da ta isa, sai a bar kujerar babu kowa a kanta, kuma an sha yin haka.

Mai Lissafi:

Gyara ɗaya ga mai neman takardun shekarar: kada ki nemi muƙamin Ministan Farko, wato shugaban gwamnatin Wales, ba za ki same shi ba. Sakataren Farko ake cewa a 1999. Sunan ya sauya ne a Oktoban 2000, lokacin da Morgan ya ƙulla haɗaka da Liberal Democrat, kujera 28 da 6 suka zama 34.