Yawu zai iya tona wanda zai ruɗe a jarrabawa?

Bala: Jama'a, na ji ana cewa in aka gwada yawun ɗalibi aka ga yawan kotisol ɗinsa, wato sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa in mutum ya shiga matsi, za a gane ko kansa zai ɗaure ranar JAMB. Ni dai na yarda, jiki ba ya ƙarya.

Anti Rabi: Bala, da wane lokaci za a ɗibi yawun? Daga saman ƙoda sinadarin yake fitowa, kuma yana da nasa agogon. Kamar rabin awa bayan ka farka yake kaiwa ƙololuwa, da dare ya yi ƙasa. Gwada mutum ɗaya bayan asuba da bayan isha'i, sai ka rantse mutum biyu ne.

Malam Isa: Hajiya, amma kada mu watsar da maganar gaba ɗaya. A Jami'ar Trier ta Jamus sun fito da wani gwaji a 1993. Za ka yi jawabin minti biyar a gaban mutanen da suka murtuke fuska, sannan ka riƙa cire 13 daga 1022 da ka. Ka yi kuskure, a ce ka koma farko. Yawancin mutane kotisol ɗinsu tashi yake yi.

Hauwa: Wallahi ko ni aka tsayar, a 1009 zan ajiye makamai.

Anti Rabi: Tashi kam yana tashi, Malam. Sai dai abin da mutum ya ce yana ji da abin da yawu ya nuna sau da yawa ba sa tafiya tare. Faɗuwar gaba da gumin hannu ma aikin wani sinadarin ne, adirenalin, shi nan take yake zuwa. Kotisol sai bayan minti 20 zuwa 30.

Bala: To Anti, binciken da aka yi a ƙasar Suwizalan fa? A 2000 aka ba mutane kotizon, maganin da jiki ke mayarwa kotisol, kafin a tambaye su kalmomin da suka haddace jiya, suka tuno ƙasa da yadda suka tuno in ba a ba su ba.

Malam Isa: Wannan gaskiya ne, kuma wataƙila shi ya sa yaro ke fitowa daga ɗakin jarrabawa amsa ta faɗo masa a bakin ƙofa. Amma can sakamakon mutanen a dunƙule aka duba, ba a nuna wane da wane za su faɗi ba. A ajina, in ina son sanin wanda zai ruɗe, tambayarsa nake ƙarfe nawa ya kwanta.

Bala: Ni dai ban sauka ba tukuna.

Hauwa: Yaya Bala, kai da ka yi ta karatun dare har ka yi barci a kan takardar Kimistiri, ai ba sai an ɗibi yawunka ba. Da kansa ya zuba.