Taƙaitawa: yadda bincike ke kare ran ma'aikaci

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan yadda bincike ke kare lafiya da ran ma'aikaci ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a wurin aiki cuta ta fi haɗari kisa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, mafi yawansu ciwo ne ya ci su a hankali. Hular kwano da takalmi kaɗai ba su isa ba.

2. An kawo misalin Katar. Bayan an auna yadda zafi ke galabaitar da leburori, a 2021 aka hana aiki a rana daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma lokacin bazara.

3. Nan aka fi daɗewa: gubar dalma a Zamfara, 2010. Sai da aka gwada jini da ƙasa aka gane dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake daka a cikin gida ne ya kashe yara sama da 400. Shawarar masu magana: a fitar da niƙa bayan gari, a riƙa yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a canza kaya kafin a shiga gida. Ni dai wannan ta fi gamsar da ni, don ba ta da tsada.

Inda aka rabu: wasu sun ce doka da tara ne kawai ke sa mai kamfani ya motsa. Wasu suka ce mai haƙar ma'adinai da ɗan bola jari ba su da rajista, sufeto bai san da su ba, sai dai a bi ta shugabannin ƙungiyoyinsu.