"Da tsohuwar zuma ake magani": a nan ne wurin faɗinta?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar manya. Wani mai kemis a Terminus, cikin Jos, ya sayi sabuwar kwamfuta mai Windows 11, aka zo ɗora mata SQL Server 2019, wanda manhajar lissafin kayansa ta dogara da shi. Sai an kusa gamawa ya cije, rumbun bayanan ya ƙi tashi. Da aka koma kan tsohuwar mai Windows 10, aiki ya ci gaba. Maigidan ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Karin maganar nan ta zauna kuwa?

Baba na Bukuru: Wa alaikumus salam, ɗana. Mu dai a kan mutum muka taso muka ji ana faɗinta. Ka yi sababbin abokai, ranar wuya ka ga na ƙuruciya ne ya tsaya maka. Ko lamari ya gagari yara, a koma wurin dattijo ya warware. Zuma ana ajiye ta shekaru ba ta lalace ba, nan ne ƙarfin maganar. Abin da tsufa yake rage wa daraja bai shiga ciki ba.

Injiniya ta Rayfield: Baba ya gama magana. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsohuwar kwamfutar nan ita ke riƙe da bashin kwastomomi da lissafin magani. Sannan ina zargin faifan ajiyar sabuwar ne ya jawo matsalar. SQL Server yana aiki da faifan da girman gurbinsa yake bayit 512 ko 4096. Wasu sababbin faya-fayan ajiya na SSD irin na NVMe, a kan Windows 11, suna nuna abin da ya fi haka, kamar 8192 ko 16384, shi kuwa sai ya ƙi. Ƙanena, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, a sabuwar da izinin admin ka rubuta fsutil fsinfo sectorinfo C: ka gaya mana lambar da ke gaban PhysicalBytesPerSectorForAtomicity.

Na Farin Gada: Ni a ganina wadda ta dace da maigidan ita ce sabo turken wawa.

Baba na Bukuru: A'a, wannan ta yi nauyi. Ana faɗinta ga wanda ya ga cutarwa ƙiri-ƙiri ya ƙi sakin abin da ya saba. Mutumin da jama'a suka yi layi a shagonsa, ya koma kan abin da yake aiki a ranar, hankali ya yi.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya saka, Baba. Ku masu gyara kuna mantawa cewa ciniki ba ya jira. Ni na yarda da maigidan. Abin da ka gwada shekara da shekaru bai ba ka kunya ba, ko mutum ne ko na'ura, ya cancanci karin maganar. Wa ya ce sai mai rai?

Injiniya ta Rayfield: Hajiya, na yau na yarda, na baɗi ne ban yarda ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ɗan Gangare: Yaya, 16384 ya nuna.

Injiniya ta Rayfield: To shi ne. Microsoft da kanta ta wallafa mafita: a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, ƙarƙashin stornvme, ana ƙara ForcedPhysicalSectorSizeInBytes da darajar * 4095, a kashe kwamfutar a kunna. Ka cire SQL Server ɗin da ya ƙi tashin gaba ɗaya, ka sake ɗorawa. Ka adana kwafin rajistar kafin ka taɓa ta. In kana ɗar-ɗar, sa fayilolin rumbun a wani faifai mai 4096.

Hajiya Mai Atamfa: Kuma kada ka bari a sayar da tsohuwar sai sabuwar ta yi wata guda tana aiki, an ga lissafi ya daidaita.

Ɗan Gangare: In sha Allahu. Gobe bayan la'asar zan fara kwashe bayanan daga tsohuwar tukuna.