Neman shawara: guguwa ta fasa kwale-kwalen surukina, malalar mai kuma ta tsayar da kamun kifi a tekun Manila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karatu ne ya kawo ni ƙasar Filifin, a nan kuma na yi aure, surukina masunci ne a garin Tanza da ke lardin Cavite. Mahaukaciyar guguwar Gaemi, wadda mutanen nan ke kira Carina, ta fasa gefen kwale-kwalensa har ruwan gishiri ya shiga injin. Ana cikin haka, ranar 25 ga Yuli 2024 jirgin dakon mai Terra Nova ya nutse a tekun Manila kusa da garin Limay ɗauke da lita miliyan 1.4 na baƙin mai, kuma cikin 'yan kwanaki man ya ƙetaro gaɓarmu. Na ga komar maƙwabcinmu ta dawo da dunƙulen baƙin abu mai danƙo, wanda ko an sa sabulu ba ya barin hannu. Hukuma ta hana ɗiban kawa da kumba, masu saye kuma sun ƙaurace wa kifin gaba ɗaya. Ɗan abin da na tara bai wuce hidima guda ba: ko in gyara jirgin, ko in buɗe wa surukata ƙaramin shago. Wanne ya fi dacewa, kuma akwai wata diyya da zai iya samu?

Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Abin da nake so ka fara rarrabewa shi ne asara biyu ce ta same ku, kuma ba hanya ɗaya ake bi wajen neman haƙƙinsu ba. Filifin tana cikin yarjejeniyoyin 1992 na biyan diyyar malalar mai, ta kuma kafa dokarta a kan haka a 2007, saboda haka kamfanin inshorar jirgin dakon man ne ke fara biya, sannan IOPC, wato asusun ƙasa da ƙasa na irin wannan diyya, ya cika idan asarar ta wuce iyakar da aka ɗora wa mai jirgin. Sai dai wannan kuɗi na ɓarnar mai ne kawai, ba ya shafar abin da guguwa ta fasa. Abin da ke damuna shi ne, muddin kwale-kwalen yana yashe a kan tudu, masu tantancewa za su iya cewa ko babu man ma da bai fita su ba. Don haka ni a ganina gyaran jirgin ne a gaba, ka kuma adana rasidin kafinta da na makanike. Ku ɗauki hoton komar da ta ɓaci, ku nemo takardar rajistarsa ta masunta, dillalin da yake sayar wa kifi kuma ya rubuta muku cinikin watannin baya. Wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne daga ranar da asarar ta auku, amma kada hakan ya sa ku yi sanyin jiki.

Wata malamar kimiyyar halittun ruwa ta ce:

Yayana, ina roƙonka kada kowa a gidan ya taɓa kawa ko kumba sai BFAR, hukumar kula da kamun kifi ta ƙasar, ta bayyana sakamakon gwajinta, ko da yunwa ta matsa. Waɗannan halittu tace ruwa suke yi su ci, shi ya sa gubar mai ke daɗewa a jikinsu, alhali kifi yana iya kauce wa wurin, jikinsa ma yana saurin fitar da ita. Fargabata ta fi ƙarfi a kan duwatsun murjani da bishiyoyin da ke tsirowa cikin ruwan gaɓa, domin nan ne ƙananan kifaye ke fakewa su girma, kuma idan mai ya shiga taɓon da ke ƙarƙashin saiwoyinsu yakan yi shekaru. Lokacin da jirgin Princess Empress ya nutse a lardin Oriental Mindoro na Filifin a Fabrairun 2023 da lita 800,000 na mai, masunta sun yi watanni a zaune, an kuma yi ta fargabar murjanin mashigin ruwa na Verde da ke kusa. Sauƙin da aka samu shi ne Terra Nova ya nutse ne a zurfin mita 34, wancan kuwa ya kai kusan 400, don haka zuƙe sauran man ya fi sauƙi.

Wata Hajiya 'yar kasuwa ta ƙara da cewa:

Ɗana, ban ƙi maganar gyara ba, amma shago a unguwar da kowa masunci ne kuma babu mai fita, bashi kawai za a riƙa ɗiba har jarin ya narke. Ka ware kuɗin shinkafar gida tukuna, ka wanke injin da wuri kafin tsatsa ta cinye shi, gyaran katako ya biyo baya. Ka kuma zauna da surukinka ka ji ta bakinsa kafin ka yanke komai, domin sana'arsa ce, kuma ya fi mu duka sanin ruwan nan.