Tayar kekena marar tub ta ƙi riƙe iska, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu keke. Hanyar gonata cike take da tsaidau, kusan kullum sai na tsaya wurin mai faci, shi ya sa na cire tub na koma tublas.

Wilin inci 29 ne, kuma an rubuta a jikinsa da jikin tayar cewa suna karɓar tublas. Na naɗe cikin wilin da tef, na sa bawul, na zuba ruwan toshe huda. Famfon hannu ya kasa ɗora tayar, sai da mai faci ya zare ƙwayar bawul ya buga mata iska da injinsa, sannan bakinta ya zauna da ƙara.

Ta gaba lafiya lau. Ta baya kuwa kafin asuba ta kwanta. Da na shafa ruwan sabulu, ban ga kumfa a jikin tayar ba, sai a gindin bawul da ramuka biyu na wayoyin wili. Na ƙara matse goron bawul da hannu, babu canji.

Shin tef ɗin ne ya yage, ko faɗinsa bai kai ba? In sake naɗewa zan yi, sai na wanke ruwan duka tukuna? Mai facin ya ce in zuba irin wanda ake sa wa babur, amma na ga yana da kauri sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin watan Afrilu, don ruwan bushewa yake yi a ciki. Wanda ya daɗe da tublas a Arewa, bayan wata nawa kake ƙarawa? Ko in mayar da tub in zuba ruwan a cikinsa?