Shin Shakespeare ne ya kori Will Kemp?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana: ƙarin surutu a kan dandali ne ya raba Kemp, ɗan wasan barkwanci, da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Lord Chamberlain, wadda Shakespeare ke cikinta, a 1599. Ku duba wasan Hamlet na Shakespeare, da aka rubuta jim kaɗan bayan tafiyarsa. A ciki Yarima Hamlet yana gargaɗin cewa kada mai barkwanci ya faɗi fiye da abin da aka rubuta masa. Da wa ake in ba Kemp ba?

Hajiya Binta: Malam, kora fa ka ce. Kemp ba yaron gida ba ne. A yarjejeniyar filin gidan wasa na Globe ta Fabrairu 1599, 'yan'uwa biyu na gidan Burbage suka riƙe rabi, 'yan wasa biyar suka raba ragowar. Kemp da Shakespeare kowa ushiri. Wa zai kori wa?

Malam Sani: Hajiya, ba sai an ce "fita" ake kora ba. Ɗan wasa ba ya samun littafin gaba ɗaya. Layukansa kawai ake kwafa masa, tare da kalma biyu ko uku na ƙarshen maganar wanda ya gabace shi. In mai barkwanci ya zarce bai sauka kan waɗannan kalmomin ba, na gaba sai ya tsaya ƙiƙam, wasa ya tsinke. Ga kuma Edmund Tilney, jami'in fada mai tace wasanni: abin da ke rubuce ya sa wa hannu, ba abin da baki ya ƙaro ba.

Dakta Garba: To amma marubucin da mutum ya gundure shi ba ya ɗinka masa riga daidai jikinsa. A bugun 1600 na wasan Shakespeare Much Ado About Nothing akwai fitowar da aka buga sunan "Kemp" a gurbin Dogberry, ɗan doka mai ban dariya a cikin wasan. Shi ne a ransa yana rubutu.

Kuma Kemp yana da tasa sana'ar, rawa da waƙar shaƙiyanci da ake rufe wasa da su. A 1600 ya taka rawa daga Landan zuwa Norwich, fiye da mil 100, kwana tara na rawa a cikin kusan wata guda, har ya buga ɗan littafi a kai.

Malam Sani: Sai aka kawo Robert Armin a gurbinsa, barkwancin ya koma na wayon baki da waƙa irin na Feste, mai barkwancin wasan Twelfth Night. Wannan ba alama ba ce?

Hajiya Binta: Alamar cewa Armin ya iya waƙa ce, Malam. Shi kuwa Kemp, a 1602 yana cikin wata ƙungiyar wasa, ta Worcester, yana wasansa.